Tambayi Likita: Ruwan famfo, alif da gudawar yara

Tambaya daga Gummi: Likita, ruwan famfonmu yana warin magani. Yana da illa?

Amsa: Warin kulorin ne, shi ke kashe ƙwayoyin cuta. Ki sha abinki, babu komai.

Tambaya daga Ƙauran Namoda: In aka kwana biyu ba ruwa, ranar da aka kawo sai ya zo jajir. Me ke jawo haka?

Amsa: Galibi tsatsa ce da laka. Bututun da ya tsage kuma ya ratsa kwata, idan babu ruwa a cikinsa yana zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi. Na farkon a bar shi ya zube. Na sha a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a sa WaterGuard, maganin kulorin na tsabtace ruwan sha, yadda aka rubuta a jikin robar, a jira minti 30.

Tambaya daga Talatar Mafara: Muna sa alif ruwanmu ya kwanta fes, amma yarona ɗan wata 10 yau kwana 3 yana gudawa. Surukata ta ce haƙori ne, a rage ba shi ruwa, a buɗe kafso a jiƙa masa.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kai yaron nan asibiti yau, kada a kai gobe. Aikin alif shi ne kwantar da laka. Ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifod, kuma ido ba ya ganinsu ko da ruwan ya yi garau. Bayan alif dole a tafasa. Ki duba randarki ma: modar da kowa ke tsomawa, yara su yar a ƙasa a mayar, tana ɓata ruwan da aka sha wahalar tafasawa.

Maganar haƙori kuwa, wallahi tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro yana rarrafe, komai ya samu sai baki, ga ruwan da ba a tafasa ba. Nan cutar take. Hana shi ruwa shi ne babban haɗari, domin bushewar jiki ke kashe yaro mai gudawa. Ki faɗa wa Mama haka cikin ladabi, alheri take nufi. Amma kafson nan kada ya shiga bakinsa.

Kafin ku isa asibiti ki ci gaba da ba shi nono, ki haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na ƙunshi, a lita 1 ta tafasasshen ruwa kina ba shi. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe, ba tozo ba. A asibiti za a ƙara masa zinc na kwana 10 zuwa 14. Idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta loɓa, ya daina fitsari, ko kin ga jini a kashi, ko da tsakar dare ne ku fita.

Tambaya daga Anka: Rijiyarmu tana kusa da inda ake wankin zinare. Tafasawa tana cire dalma?

Amsa: Ba ta cirewa ko kaɗan, Malam. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, yawanci ta ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a gida. Ku bar shan rijiyar nan sai an gwada ruwanta, ku kai yara a auna jininsu ko da ba su nuna alamar ciwo ba.