Tambayi Anti: Kansila tana da hutun haihuwa a Legas?

Tambaya: Anti, barka da ƙoƙari. Ni malamar firamare ce a Agege, a nan aka haife ni. Da na haifi ɗana na fari gwamnatin jiha ta ba ni hutun wata shida da albashina cif. Yanzu matan unguwarmu da wasu dattawa sun taso ni a gaba in fito takarar kansila in zaɓe ya zagayo, maigida ma ya ce bismilla. Sai dai ban gama haihuwa ba. In ciki ya zo ina kan kujera, hutun nan yana nan ko babu? Ƙanwarki daga Agege.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raya yaro. Wata shidan nan da kika sha, kada ki ɗauka zai bi ki majalisa. A 2014, zamanin Gwamna Fashola, jihar Legas ta fito da shi: wata shida ga mace a haihuwa biyu na farko, kwana goma ga namijin da matarsa ta sauka. Amma na ma'aikatan gwamnati ne. Kansila kuwa ba ɗaukarta aiki aka yi ba, zaɓarta aka yi, ga shi sai kin ajiye koyarwar kafin ki tsaya. Dokar ƙwadago ta tarayya, mai mako goma sha biyu da aƙalla rabin albashi, ita ma tsakanin mai aiki da wanda ya ɗauke shi take, don haka kada ki jingina da ita.

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya bar wa kowace jiha ta tsara ƙananan hukumominta da dokarta. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 da aka ƙirƙiro a 2003, kuma kowace majalisar kansiloli tana da ƙa'idojin zamanta. Can ne maganarki take. Ki je sakatariya wajen akawun majalisa ki ce a nuna miki abin da aka rubuta kan fashin zama. Abin tsoron ai ba albashin ba ne kaɗai, kujerar ce. Ɗan majalisar jiha ma, in ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, sashe na 109 ya ce kujera ta tafi. A Ingila kansilan da ya yi wata shida bai leƙa taro ba ya rasa tasa, sai in majalisa ta amince da uzurinsa tun kafin wa'adin ya cika, shi ya sa wasu majalisunsu suka zauna suka rubuta wa kansu tsarin hutun haihuwa.

Ke ma haka za ki yi. Tun ciki yana ƙarami ki rubuta wa jagoran majalisa takarda, a kawo ta zaure, a amince, ta shiga bayanan zama. "Ba komai Honorabul, je ki huta" na fatar baki, ranar da kuka ɓata da ciyaman ba wanda zai tuna ya faɗa. In da hali ma ki kawo shi a matsayin ƙuduri na kowa da kowa, har da 'yan kwanaki ga maza, sai ki ga hannuwa sun tashi da sauri.

Ni dai abin da ya fi damuna ba zauren ba ne, ƙofar gidanki ce. Na taɓa zuwa barka gidan wani kansila, kwana uku da haihuwa. Mai jego tana ɗaki ana kai mata kunun kanwa, shi kuma yana zaune a kan benci da waya biyu a cinya. Wannan an kama ɗansa da acaɓa, waccan lambatu ya toshe ruwa ya shiga shagonta, wani ya miƙo takardar asibiti ya yi shiru yana kallon ƙasa. Namiji ke nan, wanda ba shi ke shayarwa ba. Jama'ar mazaɓa ba su san hutu ba, kuma ba za ki ga laifinsu ba, kansila ce gwamnatin da suke iya taddawa da ƙafa. Kansila kuma ba ta da mataimaki, in ba kya nan mazaɓarki ba ta da baki a zaure.

To ki zauna da maigida da Hajiyarki tun yanzu. In al'adar gidanku a tafi Arewa wankan jego ce, kwana arba'in a Kano ko Katsina ba ƙaramin giɓi ba ne, gara a ɗauko mai yi miki wankan ta zo Agege. Ki sami amintacce guda, ƙani ko wata 'yar ƙungiyarku, mai riƙe waya ɗaya yana rubuta koke-koke, ki kuma roƙi kansilan da ke maƙwabtaka da ke ya riƙa tayar da maganar mazaɓarki.

Shin ki fito? Ni na ce ki fito. Hausawan Agege ba baƙi ba ne a siyasar garin nan, amma matanmu sun fi yawa a layin jefa ƙuri'a. Hukumar zaɓe ta jihar Legas, LASIEC, ta yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2017, da 2021, da Yulin 2025, duk bayan shekara huɗu ke nan, kina da sarari. Ki fara da yankar katin jam'iyya da zuwa taron mazaɓa, ki kuma lissafa shekarun fanshonki kafin ki rubuta takardar barin aiki.