Gasar Besbol ta Kati da Ɗan Lido Daga Nesa: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai karatu mazaunin Bronx a birnin New York ya rubuto cewa abokan aikinsa sun gayyace shi shiga gasar besbol ta kan tebur, wadda mahalartanta suke warwatse a jihohin Amurka, kuma yana so ya san wanne zai saya tsakanin APBA da Strat-O-Matic, wasanni biyu da ake kwaikwayon besbol a cikinsu da katunan 'yan wasan gaske da ɗan lido.

Malam, kada ka fitar da ko kwabo sai ka tambayi shugaban gasar wanne suke bugawa da kuma katunan wace shekara, domin katin wannan kamfani ba ya aiki a wasan wancan. APBA shi ne babba a shekaru, Dick Seitz ya fara sayar da shi a 1951 daga garin Lancaster na jihar Pennsylvania. Ana jefa ɗan lido biyu, ja da fari, a karanta su a jere daga 11 zuwa 66, a duba lambar a katin mai bugu, sannan a nemi sakamakonta a allon wasa. Mai jifa kuwa daraja kawai ake ba shi, daga A zuwa D. Strat-O-Matic, wanda Hal Richman ya fito da shi a 1961, ɗan lido uku yake amfani da su: ɗaya yana nuna katin da za a duba, 1 zuwa 3 na mai bugu, 4 zuwa 6 na mai jifa, sauran biyun kuma a haɗa jimillarsu. Saboda haka mai jifa yana da rabin iko a kowace arangama, kuma a matakin wasan mai zurfi katin yana bambanta yadda ɗan wasa yake yi da bahago da yadda yake yi da mai hannun dama. Ni dai na fi karkata ga Strat-O-Matic saboda wannan, amma APBA ya fi saurin shiga kan sabon shiga.

Tambaya ta biyu daga wani ne da ya riga ya karɓi ƙungiya, yana cewa hankalinsa bai kwanta ba da jin cewa wani ne zai buga masa wasanninsa na waje. Yana tambaya ko ba za a cuce shi ba.

Malam, haka tsarin yake tun zamanin da ake aika wasiƙu ta gidan waya. Mai masaukin baƙi shi ne yake jefa ɗan lido wa ɓangarorin biyu, yana bin takardar umarnin da baƙo ya aiko, sannan ya tura sakamako ga mai tattara ƙididdiga. Rabin kakarka ke nan a hannun wasu, kuma idan gasar tana bin jadawalin wasanni 162 irin na manyan ƙungiyoyin Amurka, wasanni 81 ake magana. A ganina, abin da ya fi cin mutum a nan shi ne sakacinsa wajen rubuta umarni, ha'inci yana zuwa ne daga baya. Idan ka rubuta “a canza mai jifa idan ya gaji” ka tashi, ka bar wa abokin hamayya fassara. Rubuta masa ƙarara cewa daga zagaye na bakwai, idan kana gaba da maki ɗaya ko biyu, a shigo da wane, idan bahago ne zai yi bugu a sa wane, kuma wane kaɗai aka yarda ya saci tushe, wato ya ruga zuwa tushe na gaba ba tare da jiran bugu ba. Ka kuma karanta dokar iyakance amfani da ɗan wasa, domin gasa da yawa ba sa barin a wuce adadin bugun da ya yi a kakar gaske sai da ɗan kaɗan. Wanda ya ƙarar da gwaninsa tun tsakiyar kaka zai ƙarasa da 'yan benci. Idan zargi ya ci gaba da damunka, ka nemi a riƙa buga muhimman wasanni ta kiran bidiyo, ɗan lido a gaban kyamara.

Na uku ya tambaya ko ya sayi na kwamfuta ya huta da katuna.

Idan gasar ta fayil ce, wato ana musayar sakamako ta imel, ba ka da zaɓi, sai dai ka tabbata kana da Windows kafin ka biya, domin a kansa manhajojin kamfanonin biyu suke aiki. Kwamfuta tana ɗauke maka wahalar lissafi, wadda ita ce take korar mutane da yawa. Ka sa a ranka kuma cewa kowace shekara ana fitar da sababbin katuna bisa ƙididdigar kakar da ta wuce, don haka sayen ba na sau ɗaya ba ne. Wasa ɗaya da kati yana cin kusan rabin awa a hannun wanda ya saba, sai ka ninka wannan da wasanninka na gida kafin ka amsa wa shugaban gasar.