Tambayoyinku a kan sayen tiramfolin da kafa shi a gida

Tun da aka fara ganin tiramfolin a wuraren wasan yara na manyan garuruwanmu, wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kansa suka ƙaru. Ga wanda bai san shi ba, wata baƙar shimfiɗa ce da ake ɗamewa da sifirin a jikin zagayayyen ƙarfe mai ƙafafu, idan mutum ya yi tsalle a kai sai ta cilla shi sama. Wani ɗan wasan motsa jiki na Amurka, George Nissen, shi da kocinsa Larry Griswold ne suka ƙera shi a Jami'ar Iowa cikin shekarun 1930 domin horar da 'yan wasa, kuma wasan tiramfolin ya shiga gasar Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Na kawo wannan ne domin a san cewa asalinsa kayan horo ne da ake hawa ɗaya bayan ɗaya a gaban malami, daga baya 'yan kasuwa suka mai da shi kayan wasan gida.

Tambaya: Ina da yara uku, masu shekara huɗu, bakwai da goma. Tun da suka hau tiramfolin a wurin wasa suka hana ni sakat sai na saya musu. Wane girma zan saya wanda zai ɗauke su su ukun a lokaci guda? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, babu girman da zan ba ki shawarar ki saya domin su hau su uku tare, domin hawan tare ɗin shi ne tushen haɗarin. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a bayanin da ta fitar a 2012, ta nuna cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na raunukan da ake samu a tiramfolin suna faruwa ne yayin da fiye da mutum ɗaya ke kai, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ya fi shan wahala. Ƙungiyar ma ba ta goyon bayan a ajiye shi a gida kwata-kwata, kuma ya kamata ki san da haka kafin ki fitar da kuɗinki.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Idan babban ɗanki ya dira, nauyinsa zai danna shimfiɗar ƙasa, sannan ta dawo sama da ƙarfi. Idan aka yi rashin sa'a a daidai wannan lokacin ƙaramin yana saukowa, to ba shimfiɗa mai laushi zai tarar ba, zai ci karo ne da wani abu mai tauri da ke tasowa ya tare shi, kuma duk ƙarfin zai tafi ne a ƙafarsa. Likitocin ƙashi sun san wata karaya da ke faruwa a ƙashin ƙauri, ƙasa kaɗan da gwiwa, wadda aka fi gani a yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka yi tsalle tare da wanda ya fi su nauyi. Yaron bai faɗo ƙasa ba, bai bugi ƙarfe ba, yana cikin ragar da ke kewaye da tiramfolin, sai kawai a ji ihu ya ƙi taka ƙafar. Wannan ne ya sa masana kare haɗura a Birtaniya da masu ƙera shi da kansu suke cewa bai dace da wanda bai kai shekara shida ba. Saboda haka autanki mai shekara huɗu ba ya cikin lissafi tukuna, kuma ke kika san irin rigimar da za a sha idan yana kallon yayyensa suna sama shi an hana shi.

A nan ne nake ganin gidajenmu suka bambanta da na waɗanda suka rubuta takardar da ke cikin kwalin. Su suna hasashen gida mai yaro ɗaya ko biyu, mu kuwa akwai 'ya'yan gida, da na maƙwabta, da na dangi da ke zuwa hutu. Na taɓa zuwa yawon Sallah gidan wani ɗan'uwana na ƙirga yara takwas a kan tiramfolin mai faɗin ƙafa goma, manya na cilla ƙanana suna dariya, wata 'yar yarinya da sabon leshinta tana zaune a tsakiya tana tashi tana faɗuwa kamar gyaɗa a faranti, iyaye kuwa suna falo ana hira. Allah ya kiyaye a ranar, amma ba don an yi abin da ya kamata ba. Tambayar da za ki yi wa kanki kafin ta girma ita ce: akwai babban mutum da zai tsaya a bakin ragar duk lokacin da ake wasa, wanda yaran ke jin maganarsa idan ya ce mutum ɗaya? Idan 'yar aiki mai shekara goma sha uku za a bar wa wannan aikin, gara ki saya musu kekuna.

Idan kin tabbata za ki iya, to mai ƙafa goma, wato kusan mita uku, ya ishi manyan yaranki biyu har tsawon shekaru masu yawa. Ki zaɓi zagayayye, domin yana mai da mai tsalle tsakiya kuma ba ya cilla mutum sama sosai kamar mai kusurwa huɗu, wanda na 'yan wasa ne. Ki duba a ce ragar tana ɗaure ta cikin sifirin, yadda ƙafar yaro ba za ta kai gare su ba. Nauyin da aka rubuta a kwali iyakar nauyin mutum ɗaya ne, ba izini ba ne a tara yara har su cika shi. Alkafura kuma haramun ce a kansa, domin wanda ya sauka a kan wuyansa yana iya shanyewa har abada, kuma raga ba ta hana wannan.

Tambaya: Na riga na saya, yana cikin kwali. Tsakar gidana intalok ne, amma akwai ɗan fili mai ƙasa a bayan gida, jikin katanga, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ina ya fi dacewa in kafa shi, kuma zan iya haɗawa da kaina? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Alhaji, duka wuraren biyu suna da aibi, amma aibin bayan gida ya fi yiwuwar gyara. Intalok da siminti ba wurin tiramfolin ba ne, saboda ƙafafunsa suna zamewa a kai, ba a iya kafa masa turaku, kuma wanda ya faɗo ya faɗo a kan dutse. Ƙasa mai laushi ake so, mai ciyawa ko yashi, wadda take a baje. Idan wurin yana da gangara, a sassabe tudun a daidaita shi, kada a sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, domin tsalle zai fitar da shi.

Ka ɗauki abin awo ka auna kafin ka buɗe kwalin. Shawarar da ake bayarwa ita ce a bar fili na mita biyu da rabi babu komai a kowane gefe, wato mai ƙafa goma yana bukatar wajen mita takwas tsawo da faɗi, mai ƙafa goma sha biyu kuwa kusan tara. Ta sama ana son kimanin mita bakwai ba tare da reshe ko waya ba. Ka ga ke nan mangwaron sai an sare masa rassa, ko a matsa daga ƙarƙashinsa. Ka kuma ɗaga kai ka dubi saman katangarka: idan akwai fasassun kwalabe, ko waya mai ƙaya, ko wayar lantarki ta tsaro, ka tuna cewa yaron da ke tsalle yana kaiwa tsayin da ba ya kaiwa daga ƙasa. A cire igiyar shanya daga wurin, kuma kada a kafa shi a kan murfin sokawe ko kusa da rijiya. Idan ka auna filin bai kai ba, mayar da shi ka karɓi ƙarami ya fi maka alheri a kan ka matse shi a lungu.

Haɗawa kuwa za ka iya, amma da mutum na biyu da safar hannu mai kauri. Inda mutane ke kuskure shi ne wurin sa sifirin: sai su fara daga wuri ɗaya su bi layi, kafin su kai rabi shimfiɗar ta ja gefe guda, sauran sun ƙi kaiwa. Ka ɗauki zagayen kamar fuskar agogo, ka sa ɗaya a ƙarfe sha biyu, ɗaya a shida, sannan uku da tara, daga nan ka riƙa cike tsakani, duk wanda ka sa ka sa kishiyarsa. Ka yi amfani da ƙugiyar da ta zo a kwalin wajen jan su, domin sifirin da ya kuɓuce yana datse yatsa. Kada ka ɗaure notuna tamau sai duk ƙarafan sun zauna, kuma bayan mako guda na wasa ka sake bin su da sifana.

Abin da nake so ka fi ba muhimmanci shi ne iska. Kai ka san guguwar farkon damina da ke yaye rufin kwano a unguwanni, kuma tiramfolin mai raga a tsaye ba shi da bambanci da babbar laima. Iska tana shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi ta tsallake katanga da shi, ya faɗa kan motar maƙwabci ko wayar wuta ko mutum. Akwai turakun ƙarfe masu murɗi da ake dunƙulawa cikin ƙasa a ɗaure zagayen da su da maɗauri, ka sa aƙalla huɗu. A ƙasa mai yashi ba sa kamawa sosai, don haka idan hadari ya haɗu a sauke sandunan ragar, kuma idan za ku yi doguwar tafiya da damina a cire shimfiɗar gaba ɗaya a ajiye a ɗaki.

Rana ita ma tana da nata aikin. Baƙar shimfiɗar tana ɗaukar zafi da bazara har ta ƙona tafin ƙafa, kuma da yake ba a hawa da takalmi, lokacin wasa shi ne da safe ko bayan la'asar. A zazzage aljihu, a cire sarƙa da fil ɗin ɗankwali, 'yan mata su sa wando da rigar da ba ta ja, domin dogon hijabi ko doguwar riga na harɗe ƙafa a sama.

Tambaya: Na ga na hannu a wurin masu gwanjo, kuɗinsa bai kai rabin sabo ba. Wani mai walda kuma ya ce zai iya ƙera mini irinsa. Wanne zan ɗauka? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, na mai walda ka bar shi, ba don raina sana'arsa ba. Ƙarfen yana ɗaukar ja daga sifirin masu yawa a kowane tsalle, kuma ba shi da hanyar gwada ko ɗinkinsa zai jure. Na hannu kuwa ana iya saya idan ka duba shi da idonka a warware. Ka leƙa mahaɗar ƙafafu da zagayen, nan tsatsa ke fara ci daga ciki. Ka cire sifirin biyu ko uku ka ɗaga su a haske: mai lafiya zobbansa a manne suke, idan kana hango haske a tsakaninsu ya saki. Ka bi ɗinkin bakin shimfiɗar inda ƙugiyoyi suke, ka ja ragar da hannu biyu, ka matsa katifar da ke rufe sifirin. Wadda rana ta cinye za ka ji tana marmashewa a yatsunka kamar tsohon soso. Raga da katifa su ne ke fara mutuwa, kuma samun sababbi daidai girman naka a kasuwanninmu ba abu ne mai sauƙi ba, don haka ka tabbatar akwai su ka haɗa kuɗinsu a lissafi kafin ka yi ciniki, sau da yawa a nan arahar take ƙarewa. Idan sabo ka koma, ka nemi lambar EN 71-14 a kwali, wadda ita ce ƙa'idar Turai ta tiramfolin na gida, ko ASTM F381 ta Amurka.

Tambaya: Ɗana mai shekara bakwai ya ji ciwo a ƙafa yana tsalle da yayansa. Kakarsa ta ce a kai shi wurin mai ɗori, mahaifinsa kuma ya ce a sayar da abin. Me kake gani? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki lallashi Hajiya Kaka a fara zuwa asibiti a ɗauki hoton ƙashi, domin a yara akwai wurin da ƙashi ke tsiro a kusa da gwiwa da idon sawu, idan karaya ta taɓa shi aka ɗaure ba a gani ba, ƙafar na iya girma a karkace. Ɗauri mai tsanani a kan kumburi kuma yana tare jini. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin da ke kusa, za su tura ku inda likitocin ƙashi suke, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ga sauran masu karatu kuma, yaron da ya faɗi a kan wuya ko bayansa yana kukan ciwon wurin, ko ya ce ba ya jin hannunsa ko ƙafarsa, kada a ɗaga shi a rungume, a riƙe kansa yadda yake har a sami masu ɗaukarsa a miƙe. Wanda ya bugi kai ya fara amai ko magagi, asibiti nan take.

Batun sayarwa kuwa, kin faɗa da bakinki cewa su biyu ne a kai lokacin da abin ya faru. Idan ku biyun, ke da maigida, kun san ba za ku iya tsare dokar mutum ɗaya ba saboda yanayin aikinku, to maganarsa ita ce daidai, ku sayar. Idan za ku iya, ku cire tsanin ku ajiye a ɗaki, ku sa ƙaramin kwaɗo a zif ɗin ragar, makullin ya zauna a hannunki, kuma kada yaron ya sake hawa sai likitan da ya duba shi ya ce ƙashin ya haɗe.