Shin mu bar Niyu Yok mu koma Teksas saboda sanyi da haraji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata tara ina zaune a birnin Niyu Yok tare da uwargidana da yara uku. Ina yi wa wani kamfani na nan birnin aikin kwamfuta daga gida, ita kuma ma'aikaciyar jinya ce. Sanyi ya ishe ni, domin duk lokacin hunturu sai gwiwoyina sun ƙi miƙewa, kuma idan na duba takardar albashina na ga abin da jiha da birni suka yanke sai raina ya ɓaci. Abokai suna ce mini a Teksas babu harajin albashi, babu dusar ƙanƙara, gidaje kuma da sauƙi. Shin mu tattara mu koma birnin Hiyuston na jihar Teksas?
Wani mai karatu, daga Niyu Yok, Amurka.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka ba su yi maka ƙarya ba, sai dai rabin labarin suka ba ka. Teksas tana cikin jihohi tara na Amurka da ba sa karɓar haraji a kan albashi, tare da irin su Fulorida da Nebada da Tenesi. Kai kuma a inda kake hannu uku ne ke shiga aljihunka: gwamnatin tarayya, da jiha wadda ke ɗaukar wajen kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari daga masu matsakaicin samu, da shi kansa birnin wanda nasa harajin ke kaiwa kashi 3.876. Na tarayya zai bi ka duk inda ka je, amma sauran biyun kuɗi ne na gaske, kuma ban ga laifinka ba da ka yi tunanin tsira da su.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne aikinka. Niyu Yok tana da wata ƙa'ida da mutane da yawa ba sa saninta sai bayan sun sauke kaya a sabon gari: idan ofishin da kake ƙarƙashinsa yana jihar, kuma kana aiki daga wata jiha don jin daɗin kanka ba don kamfanin ya tilasta maka ba, to a wurinta kwanakin aikin nan tamkar a Niyu Yok ka yi su, kuma za ta karɓi harajinta. Ma'ana, kana iya zama a Hiyuston, kana zufa a watan Agusta, jihar da ka bari tana ci gaba da yankar albashinka. Harajin birni ne kawai zai faɗi, tunda shi mazauna birnin ake ɗora wa. Saboda haka kafin ka kira masu motar kwashe kaya, ka zauna da sashen ma'aikata na kamfaninku ka tambaye su ko suna da ofishi a Teksas da za su mayar da kai ƙarƙashinsa a rubuce, sannan ka biya ƙwararren mai lissafin haraji na awa guda ya duba maka. Idan amsar ta zama a'a, babban dalilinka na tafiya ya ragu sosai, sai dai albashin uwargida ya samu sauƙi.

Jihar da ba ta taɓa albashi tana neman kuɗin makarantu da hanyoyi ta wata ƙofar. A Teksas ƙofar ita ce harajin gida, wanda yake cikin mafi tsada a ƙasar, kuma a unguwanni da yawa na Hiyuston yakan haura kashi 2 cikin ɗari na darajar gidan a kowace shekara. Gidan dala 350,000 ke nan zai iya cin dala 7,000 ko fiye, kafin a cire rangwamen da ake yi wa gidan da mai shi ke zaune a ciki. Harajin sayayya kuwa kusan ɗaya ne, kashi 8.25 cikin ɗari a Hiyuston, kashi 8.875 a Niyu Yok. Sai kuma mota, wadda mutanen Niyu Yok ke yawan mantawa da ita a lissafi: inda kake jirgin ƙasa na kai ka ko'ina, can kuwa gida mai ma'aikata biyu da yara 'yan makaranta da wuya ya rayu babu motoci biyu, kowace da inshorarta da man fetur ɗinta da gyaranta. Duk da haka, kuɗin haya da farashin gida sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ga iyali mai mutum biyar wannan shi ne ribar da ta fi ta haraji girma.

Batun yanayi ma yana da fuska biyu. Gwiwoyinka za su gode maka daga Nuwamba zuwa Maris. Amma daga Yuni zuwa Satumba zafin Hiyuston mai laima ne, irin wanda rigar mutum ke jiƙewa tsakanin ƙofar gida da ƙofar mota, kuma na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa dare da rana, kuɗin wuta na hawa tare da ita. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwan da ya haura mita guda a wasu sassan yankin cikin 'yan kwanaki, a Yulin 2024 kuma guguwar Beryl ta bar gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan biyu babu lantarki a tsakiyar zafi. Ko sanyin da kake gudu ya taɓa zuwa can, domin a Fabrairun 2021 ya durƙusar da wutar jihar, mutane fiye da ɗari biyu suka rasu. Ka sani kuma inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ana sayen wannan daban, don haka duk gidan da ya burge ka sai ka duba shi a taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya.

Uwargida za ta buƙaci lasisin jinya na Teksas, gara ta fara nemansa tun kuna nan. Idan babban yaronku ya kusa shiga jami'a, sai an cika wata goma sha biyu ana zaune a jihar kafin a samu rangwamen kuɗin makaranta na 'yan jiha. Duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba a cikinku dole ne ya sanar da hukumar shige da fice ta USCIS sabon adireshi cikin kwana goma.

Ra'ayina shi ne tafiyar tana da ma'ana idan an warware maganar ofishinka, kuma idan uwargida ta yarda da zuciya ɗaya, domin ita ma za ta bar abokan aiki da maƙwabtan da ke riƙe mata yara. Ku je ku yi mako biyu a Hiyuston a watan Agusta, ku bi hanyar asibitin da za ta yi aiki da ƙarfe bakwai na safe ku ga cunkoson da idonku. Idan har yanzu kuna so, ku kama haya ta shekara guda, kada ku sayi gida sai kun ga damina da bazarar garin. Allah ya zaɓa muku abin da ya fi alheri.