Shin da gaske an yi Dracula? Tarihin Vlad na Walakiya da danginsa

Tambaya: Malam, na sha jin cewa Dracula, dodon nan mai shan jini da ake nunawa a finafinai, sarki ne da aka taɓa yi a Romaniya. Wane ne shi, su wa ne danginsa, kuma yaya rayuwarsa ta kasance?

Amsa: Mutumin da kake nufi shi ne Vlad na Uku, wanda aka haifa wajen shekarar 1431, ya kuma sarauci Walakiya, ƙasar da ke kudancin Romaniya ta yau, tsakanin tsaunukan Karfatiya da kogin Danub. Mahaifinsa, Vlad na Biyu, ya shiga wata ƙungiyar mayaƙan Kirista mai tambarin dodon maciji, wadda sarkin Hangari Sigismund ya kafa, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Dracul, ɗansa kuwa ya zama Dracula, wato ɗan Dracul.

A ganina, wanda bai san rikicin gidan nan ba ba zai fahimci halin Vlad ba. A Walakiya babu dokar da ta ce babban ɗa ne zai gaji sarauta, duk namijin da ya fito daga jinin gidan, ko da ba ta hanyar aure aka same shi ba, yana iya nema idan manyan ƙasa suka mara masa baya. Saboda haka 'yan ubanci ya raba gidan biyu, zuriyar kakansa Mircea Dattijo a gefe guda, zuriyar Dan, ɗan'uwan Mircea, a ɗaya gefen, kuma kowane ɓangare yakan nemi goyon bayan Hangari ko na Daular Usmaniyya ta Turkawa.

Tun yana yaro mahaifinsa ya bar shi da ƙanensa Radu a hannun Sultan Murad na Biyu a matsayin jingina, domin tabbatar da biyayya. A 1447 aka kashe mahaifin, aka binne yayansa Mircea da rai a Târgoviște, babban birnin Walakiya a lokacin, sannan aka naɗa Vladislav na Biyu daga gidan Dan da ɗaurin gindin John Hunyadi na Hangari. Vlad ya hau gadon sarauta sau uku: 'yan makonni a 1448, sai daga 1456 zuwa 1462, sai kuma a ƙarshen 1476.

A mulkinsa na biyu ne ya yi suna da tsire mutane a kan itace mai tsini, har aka riƙa kiransa Țepeș, mai tsirewa. Tarihin ƙasar ya ruwaito cewa ya kama manyan Târgoviște a ranar bikin Ista, ya tsire tsofaffinsu, ya kora sauran suka yi aikin ginin ganuwar Poenari har tufafin bikin suka yage a jikinsu. Ya kuma ƙi biyan haraji ga Sultan Muhammad na Biyu, wanda ya ci Kustantiniyya, ya ƙetare Danub ya yi kisa, kuma a wasiƙarsa ta Fabrairun 1462 zuwa ga sarkin Hangari Matthias Corvinus, shi da kansa ya ƙirga mutum 23,884 da aka kashe. Da sultan ya zo da runduna, Vlad ya auka wa sansaninsa cikin dare a watan Yuni bai same shi ba, kuma a kusa da Târgoviște Turkawa suka tarar da fili cike da gawarwakin da aka tsire.

Ƙanensa Radu, wanda ya shaƙu da sultan, shi ne ya janye manyan ƙasa zuwa gare shi ya karɓi sarautar. Vlad ya gudu neman agaji wajen Matthias, amma sai Matthias ya tsare shi fiye da shekara goma, daga baya aka aura masa Justina Szilágyi, wata daga dangin sarkin. Ya koma mulki da taimakon Stephen Babba, sarkin ƙasar Moldabiya mai maƙwabtaka da Walakiya, aka kashe shi a fagen yaƙi a ƙarshen 1476 ko farkon 1477, aka aika da kansa Istanbul. Ɗan ubansa, Vlad Mai Zuhudu, ya yi sarauta daga 1482 zuwa 1495, Mihnea, ɗan Vlad na Uku, kuma ya hau a 1508.

Batun dodo kuwa ƙagen marubuci ne. Fataken Jamusawa na garuruwan Brașov da Sibiu, waɗanda ya yi wa ɓarna, sun taimaka wajen yaɗa labaran muguntarsa, aka buga su a ƙananan littattafai da Jamusanci, kuma akwai ƙarin gishiri a cikinsu, ko da yake zaluncinsa tabbatacce ne. Bram Stoker, ɗan ƙasar Ayalan, ya tsinci sunan ne a littafin William Wilkinson na 1820 a ɗakin karatu na garin Whitby da ke Ingila, ya laƙaba wa dodon littafinsa na 1897, alhali bai taɓa taka Romaniya ba. Fadar Bran da ake nuna wa 'yan yawon buɗe ido a yau ba gidan Vlad ba ce, mazauninsa Târgoviște ne da Poenari.