Tambaya da Amsa: Ƙwayar shinkafa ɗaya da gida 64

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗan kasuwa ne, shinkafa nake sayarwa a Daleko nan Mushin. Yarona da ke sakandare ne ya zo min da wata magana, wai in aka sa ƙwayar shinkafa ɗaya a gidan farko na allon wasan ces (wani wasa mai kama da dara, allonsa gida 64 ne), biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ta ninkawa har gida na 64, wai duk shinkafar Legas ba za ta isa ba. Na ce masa buhu biyu ma ya yi yawa, muka yi ta musu har sai da uwarsa ta raba mu. Don Allah wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yaron nan albarka, shi ke da gaskiya, ragewa ma ya yi.

Bari mu auna da buhunka. Mu ɗauka ƙwaya 40 ke yin giram ɗaya, ka ga buhu mai kilo 50 ya tashi ƙwaya miliyan 2 kenan. Gida na 10 ƙwaya 512 ce kawai, ko tafin hannu ba ta cika ba, to a nan mutum ke raina abin. Amma gida na 22 shi kaɗai ƙwaya 2,097,152 ne, buhu guda cur, na 23 buhu biyu, kana isa na 32 ka wuce buhu dubu, kusan tirela biyu irin mai ɗaukar buhu 600, kuma fa rabin allon kawai ka ci.

Abin da ya fi burge ni shi ne kowane gida ya fi duk waɗanda ke bayansa a haɗe da ƙwaya ɗaya tak, duba 1 da 2 da 4 sun ba da 7, na gaba 8. Shi ya sa ba sai an wahala da tarawa ba, a jera 2 har guda 64 a ninka su da juna a cire ɗaya, sai ga jimla: 18,446,744,073,709,551,615. Buhu sama da tiriliyan 9 kenan, in kuma za ka ƙirga ƙwaya ɗaya duk sakan ba barci ba hutu sai ka yi shekara biliyan 584. Tun 1256 malamin tarihi Ibn Khallikan ya kawo lissafin nan, shi da alkama ya yi misali.

Ita lambar kanta tana da halayenta. Mara ce ba cika ba, tunda da 5 ta ƙare kuma 5 na raba ta ba saura. In ka tara alƙalumanta guda 20 za ka samu 87, 3 na raba 87 amma 9 ba ta rabawa, to haka ita ma uwar lambar take. In aka warware ta gaba ɗaya lambobi bakwai ne aka ninka da juna, 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417, kowacce ba ta rabuwa sai da 1 ko da kanta. Waccan 641 ɗin da ta ƙarshen in ka ninka su suna ba da 4,294,967,297, wadda Fermat, masanin lissafi na Faransa, ya zaci ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta, har sai da wani masanin lissafin mai suna Euler ya nuna a 1732 cewa 641 na raba ta tas. Kuma kwamfuta mai bit 64 (bit shi ne alƙalami ɗaya na 0 ko 1 da kwamfuta ke rubuta lamba da shi), a gurbi ɗaya wannan ce lamba mafi girma da take iya riƙewa, don a rubutunta na 0 da 1 lambar nan 1 ce guda 64 a jere.

Alhaji ka ce wa yaron ya raba ta da 17 amma a takarda, don kalkuleta da yawa kan yanke wutsiyar lamba mai tsawo haka, in ya gama ya turo mana abin da ya samu.