Me ya sa masu ra'ayin sauyi a Amurka ba sa raba yaƙi da maganar aljihu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina bibiyar siyasar Amurka, kuma na lura duk lokacin da Bernie Sanders da ire-irensa suka tashi sukar gwamnati, sai sun cakuɗa maganar yaƙi da ta talauci da tsadar asibiti. Suna cewa da kuɗin da aka ƙona a Iraƙi a gida aka zuba shi, da kowa ya samu magani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko dai romon baka ne irin na 'yan adawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai gaskiya, sai dai hujjar da ka kawo, wadda ita aka fi ji a bakinsu wurin kamfe, ita ce mafi rauni cikin hujjojinsu. Mai ƙarfin ba ta cika shiga gangami ba, don ba ta jawo tafi.

Maganar ta girmi Sanders a siyasa. Wanda ya fi kowa fito da ita ƙarara janar ne na soja, kuma ɗan jam'iyyar Rifablikan, wato shugaba Dwight Eisenhower. A 1953 ya ce kuɗin babban jirgin sama mai jefa bama-bamai guda ɗaya ya isa a gina makarantar zamani a garuruwa fiye da 30. Da zai bar mulki a Janairun 1961, ya gargaɗi Amurkawa a kan ƙawancen da ke ƙulluwa tsakanin rundunar soja da kamfanonin ƙera makamai. Martin Luther King ya ɗora a 1967 a majami'ar Riverside da ke New York, inda ya nuna yaƙin Biyetnam ya cinye shirin yaƙi da talauci da shugaba Lyndon Johnson ya faro a 1964. Manyan jaridu sun yi masa ca a kai, har wasu abokan gwagwarmayarsa suka ja baya.

Kuɗin ba ƙanana ba ne. A 2023 Amurka ta kashe dala biliyan 916 a harkar soja bisa ƙididdigar cibiyar SIPRI ta Sweden, sama da kashi ɗaya cikin uku na abin da duniya gaba ɗaya ta kashe. Masana a Jami'ar Brown sun ƙiyasta a 2021 cewa yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan harin 11 ga Satumba sun laƙume kusan dala tiriliyan 8, in an haɗa da kuɗin ruwan bashi da jinyar tsoffin sojoji ta shekaru masu zuwa, kuma mutum wajen 900,000 sun mutu kai tsaye a cikinsu.

To ina raunin? In ka auna da girman tattalin arzikin ƙasar, kuɗin soja a 'yan shekarun nan bai wuce kashi 3 da 'yan kai cikin 100 ba, alhali a 1968 ya kai wajen kashi 9. Kiwon lafiya kuwa yana cin kusan kashi 17, nesa ba kusa ba da Kanada ko Birtaniya da ke wajen kashi 11 zuwa 12 amma suna ba kowa kulawa. Ke nan ba ƙarancin kuɗi ya hana Ba'amurke magani ba. Kuɗin na fita, kamfanonin inshora da na magunguna da manyan asibitoci ne ke rabon sa ta hanya mai tsada. Ko da za a rufe ma'aikatar tsaro ta Pentagon gobe, wannan tsari na nan daram. Haka mafi ƙarancin albashi na tarayya da ya tsaya a dala 7.25 a sa'a tun 2009: majalisa ce ta ƙi ɗaga shi, babu ruwan tankar yaƙi. Masu ra'ayin sauyi sun san wannan sarai, amma "bam ko makaranta" ya fi sauƙin rubutawa a kwali.

Inda nake ganin ba a iya ture su shi ne yadda ake yanke shawarar shiga yaƙi, da kuma wanda ke biya. A yaƙin Koriya shugaba Truman ya ƙara haraji. A na Biyetnam Johnson ya ɗora ƙarin kashi 10 a 1968, kuma ana ɗibar samari aikin soja na dole, saboda haka kowane gida na jin yaƙin a jikinsa, shi ya sa jami'o'i suka ɗauki zafi. An soke aikin dolen a 1973. George W. Bush kuwa ya rage haraji a 2001, ya sake ragewa a 2003, makonni kaɗan bayan dakarunsa sun shiga Bagadaza, ragin da masu hannu da shuni suka fi mora. Da bashi aka yi yaƙin, kuma shekara da shekaru ana kawo kuɗinsa a ƙarin kasafin gaggawa, ba a cikin kasafin da aka saba tsefewa ba. Wanda ya kaɗa ƙuri'a bai ga ƙarin haraji ba, ba a ɗauki ɗansa ba, sai ya ci gaba da harkarsa. A nan ba tsuntsun da ya ja ruwa ne ruwa ke duka ba. Dukan ya sauka a kan 'yan Iraƙi da Afganistan, da iyalan sojojin sa-kai waɗanda 'yan tsiraru ne a cikin al'umma, da yaran da za su gaji bashin.

Ko faɗin kuɗin gaskiya ma ya zama laifi. Lawrence Lindsey, mai ba Bush shawara kan tattalin arziki, ya ce a 2002 yaƙin Iraƙi zai iya cin dala biliyan 100 zuwa 200. Gwamnati ta ce ya zuzuta, kuma kafin shekarar ta fita ya bar kujerarsa. A 2008 Joseph Stiglitz da Linda Bilmes suka lissafa dala tiriliyan 3. Makaman ƙare dangin da aka kafa hujja da su kuma ba a same su ba.

Sai batun majalisa. Tsarin mulki ita ya ba ikon ayyana yaƙi, amma rabonta da yin haka a hukumance tun 1942. A ranar 14 ga Satumba 2001 ta amince da wani gajeren ƙuduri da ya ba shugaban ƙasa damar farautar waɗanda suka kai harin. A Majalisar Wakilai ƙuri'a 420 suka amince, mutum ɗaya tal ta ƙi, Barbara Lee daga Kalifoniya, wadda ta ce an sakar wa shugaba linzami ba tare da iyaka ba. An kira ta maciya amana, har sai da aka ba ta masu gadi. Daga baya da wannan ƙuduri aka kai hare-hare a Yaman da Somaliya, Obama kuma ya jingina da shi a 2014 ya yaƙi ƙungiyar IS, wadda ba ta ma wanzu da wannan suna ba lokacin da aka rubuta shi. Ka lura sukar masu ra'ayin sauyi ba ta bar jam'iyyar Dimokurat da suke tare da ita ba: Hillary Clinton, Joe Biden da John Kerry duk sun goyi bayan yaƙin Iraƙi a Oktoban 2002, Obama ya faɗaɗa hare-haren jirage marasa matuƙa, ya kuma shiga Libiya a 2011 ba tare da izinin majalisa ba.

Idan jama'a ba sa jin zafi, majalisa kuma ta noƙe, wa ya rage a ɗakin? Masu kwangila. Nan siyasa da tattalin arziki suka haɗu da yaƙi a tunaninsu. Dick Cheney ya shugabanci kamfanin Halliburton daga 1995 zuwa 2000, reshen kamfanin kuma ya samu kwangilolin biliyoyin daloli a Iraƙi lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa. Lloyd Austin daga hukumar daraktocin kamfanin ƙera makamai na Raytheon ya taso ya zama sakataren tsaro a 2021. Kayan jirgin F-35 na Lockheed Martin an warwatsa ƙera su a jihohi fiye da 40, don haka duk sanatan da ya ce a rage shi, aikin mutanen mazaɓarsa ya taɓa. Wannan dabara ta fi cin hanci tasiri, kuma ba ta saɓa wa kowace doka ba. Pentagon ta faɗi binciken asusunta na farko a 2018, ta yi ta faɗuwa a shekarun da suka biyo, amma kasafinta bai fasa hawa ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United ya ƙara buɗe wa kamfanoni ƙofar zuba kuɗi a zaɓe.

Su ma masu ra'ayin sauyin ba su da amsar komai. Sun fi iya faɗin abin da bai kamata a yi ba a kan abin da za a yi idan wata ƙasa ta afka wa maƙwabciyarta. A Oktoban 2022 'yan majalisa 30 daga cikinsu sun rubuta wa Biden wasiƙa suna neman a tattauna da Rasha kan Yukiren, washegari suka janye ta. Masu sukarsu kuma na cewa rage ƙarfin sojan Amurka ba ya kawo zaman lafiya, gurbi kawai yake bar wa wasu, kuma wannan ba maganar da za a yi watsi da ita ba ce.

Amma a batun maido wa majalisa ikonta, har 'yan mazan jiya suna samu su mara musu baya. Sanders da Mike Lee na Rifablikan sun tura ƙudurin janye hannun Amurka daga yaƙin Yaman, majalisun biyu suka amince a 2019, Trump ya hau kujerar na-ƙi. A Maris 2023 Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'a 66 da 30 don soke izinin yaƙin Iraƙi. Da Rand Paul ya nemi a haɗa da ƙudurin 2001, wanda Barbara Lee ta ƙi tun farko, sanatoci 9 kacal suka bi shi.